Injin ban ruwa ba ya aiki sai da cok, in ya yi zafi kuma ya mutu: ina matsalar take?

Tambaya daga wani mai lambu a yankin Daberam, kusa da Daura: "Assalamu alaikum. Ina da injin ban ruwa mai inci 3, ɗan Sin, an rubuta 6.5 a jikinsa. Shekararsa biyu. Na ajiye shi duk damina, da na ɗauko shi bana sai ya ƙi zama in ba na bar cok a rabi ba. Ina buɗewa gaba ɗaya sai ya riƙa hawa yana sauka, ya mutu. Ko da cok ɗin ma, in ya yi kamar minti 20 sai ya tsaya, ba zai tashi ba sai ya huce. Na canza fulogi sau biyu. Makaniki ya ce a sauke shi a sa ringi. Albasa tana jiran ruwa."

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin bari a sauke injin nan. Ciwo biyu ka faɗa, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya yi kama da na ringi, wato zobban ƙarfen da ke kewaye da fistin. Injin da ringinsa ya cinye hayaƙi shuɗi yake yi ba tsayawa, yana shan baƙin mai, fulogi yana fitowa jiƙe da maiƙo. Ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Fara da maganar cok, don ita ce ta fi bayyana. Aikin cok shi ne ya rage iskar da ke shiga kafireto, sai zuƙar fistin ta ƙara jawo fetur. Inji mai sanyi yana buƙatar haka na ɗan lokaci. Amma in ya ɗumama kuma har yanzu sai da cok, to yana gaya maka fetur ɗin da ke isa gare shi bai kai ba, ko kuma iska tana satar hanya tana shiga ta inda bai kamata ba. Hawa da saukar nan ma daga nan take: gudu ya faɗi saboda yunwar mai, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ya buɗe totur, gudu ya haura, gwamna ya rufe, a sake komawa. Shi kuwa fulogin da kake ta canzawa, an bar jaki ne ana dukan taiki. Barin cok a rabi shi ke shafe shi da baƙin kabon, ka sa sabo, kwana biyu ya zama kamar na farko.

Irin injinka, wanda ake rubuta wa 168F ko 6.5, kwaikwayon Honda GX160 da GX200 ne, don haka ma'aunan da zan ba ka na wannan gida ne, kuma kayansu suna shiga juna.

Kafin ka kwance komai, nemi farar kwalba mai tsabta. Rufe makullin mai, ka sassauta ɗan sukurun da ke karkace a gindin kofin kafireto, ka tara kwalbar, sannan ka buɗe makullin. Bar shi ya zuba minti ɗaya cur. Ya kamata ya zubo da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗiga, toshewar tana sama: rariyar da ke cikin tanki, ko ɗan ƙaramin kofin datti da ke ƙarƙashin makullin mai, ko tiyo ya kumbura ta ciki. Sai ka ajiye kwalbar ta natsu, ka ɗaga ta a rana. Ruwa yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwayoyin tsakiya. Tsatsar tanki jan gari ce. Tsohon mai kuwa launinsa ya koma kamar shayi, warinsa kamar na fenti. In ka ji warin kalanzir, ka san abin da aka sayar maka. Tun da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamba 2019, mutanen Mai'adua, Kongolam, Jibiya da makamantansu suka saba da man galan. Ba duk ɗan bumburutu ke gauraye ba, amma jarkar da ta kwana a buɗe cikin ƙura ko raɓa ta isa ta ɓata man kirki. Tace shi da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, kuma kada ka juye na can gindin jarka.

Duk da haka, inji da ya yi wata huɗu ko biyar a ɗaki da mai a kofinsa, kusan kullum maganarsa tana ƙarewa ne a jet, wato 'yar hudar da fetur ke bi a cikin kafireto. Fetur ya bushe, ya bar wani danƙo kore-kore a ramukan da ba su kai kaurin allura ba.

Cire iyakilina, wato matatar iska, noti biyu ne masu sifana 10 suke riƙe da ita da kafireton tare, da ƙusa ɗaya daga sama. Kafin ka zare kafireto, ɗauki hotonsa da waya, musamman inda sandar gwamna da siririn sifirin da ke kewaye da ita suka maƙale, da yadda gaskit-gaskit suka jeru. Kwance kofin da sifana 10. Zare fil ɗin fulot, wato abin da ke yawo a kan man kofi yana rufe hanyar mai in ya cika, ka cire fulot da allurarsa, ka duba bakin allurar: in zobe ya fito a kanta, ta cinye. A tsakiyar bututun da ƙusar kofi ta fito akwai babban jet na tagulla. Sa sukudireba mai faɗin da ya cika tsagar daidai, domin tagulla ba ta da ƙarfi, in ka ɓata tsagar ka sayi wahala. Bayan jet ɗin wani dogon bututun tagulla zai faɗo, in bai faɗo ba tura shi daga cikin maƙogwaron kafireto. Jikinsa duk ƙananan huda ne a jere. Ɗaga shi a haske, kowace huda sai ka ga rana ta cikinta.

A nan yawancin masu wanke kafireto suke tsayawa, su mayar, inji ya ci gaba da hawa da sauka. Sun manta silo jet, wanda ke ba inji mai a ƙaramin gudu. Wani baƙin roba ne a saman kafireto, sukurun silo ya danne shi. Ƙirga zagayen sukurun yayin da kake fitar da shi, sannan ka ɗaga robar a hankali da bakin sukudireba. A ƙasanta akwai huda da ba ta kai rabin milimita ba, wajen 0.35 zuwa 0.38, alhali ta babban jet wajen 0.7 ce. Ita ke fara toshewa, kuma ita ce uwar wannan ciwo. Fere wayar lantarki mai silli-silli, ka ciro silin tagulla guda ɗaya, ka zura a hudar har ya leƙo. Kada ka sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Suna faɗaɗa hudar, inji ya daina neman cok amma ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Duba ɗan zoben robar da ke jikin silo jet, in ya tsage iska za ta bi nan.

Akwai kuma sukurun iska a gefe, in naka ba a rufe kansa ba. Murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa har ya taɓa, ka riƙe adadin, sannan ka fitar. Yawanci wajen zagaye biyu ne. Kada ka ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne. Fesa maganin wankin kafireto a kowane rami har ya fito ta wani wuri, kana kau da idonka. In babu, wanke da sabon fetur ka kai wa mai faci ya busa maka iska.

Wajen mayarwa ake sake jawo wata matsalar. Tsakanin kafireto da kan inji akwai baƙin farantin roba da gaskit gaba da baya. In farantin ya tsage, ko aka mayar da yagaggen gaskit, iska za ta shiga bayan jet, kuma alamarta daidai take da ta toshewa. Gaskit ɗin ɓangaren iyakilina yana da huda da dole su dace da ƙananan ramukan iska na bakin kafireto. In ka juya shi ka toshe su. Sayi sababbi, ba su da tsada, kuma kada ka shafa gam, fetur yana narkar da shi ya tura cikin jet. In kana shakkar satar iska, tayar da injin ka ɗan fesa maganin kafireto a mahaɗar, nesa da salansa. In sautin ya canza, nan ne. Kama sandar totur ma ka girgiza. In tana lilo a mazauninta, ƙura ta cinye wurin, wanki ba zai yi magani ba, sai sabon kafireto. Da kuɗin aikin wanki uku gara ka sayi sabo sau ɗaya.

In cok ya buɗe gaba ɗaya inji ya zauna, rabin aiki ya ƙare. Saura mutuwar minti 20. Wani lokaci gyaran farko yana tafiya da ita, domin man da ke ɗiga a hankali yana iya riƙe inji na ɗan lokaci kafin kofi ya ƙafe. In ba ta tafi ba, tsaya kusa da shi ka saurari yadda yake mutuwa, yanayin mutuwar shi ke nuna mai laifi.

In ya fara tari da shaƙewa, yana hawa yana sauka kafin ya tsaya, mai ne. Da ka ji ya fara, sassauta murfin tanki. In ka ji "fiss" kuma inji ya farfaɗo, hudar numfashin murfin ce ta toshe. Mai yana sauka, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har tanki ya riƙe man. Masu ɗaura leda a ƙarƙashin murfi don kada mai ya zuba a kan babur su ke jawo wa kansu wannan. Wanke murfin ko ka canza shi.

In kuwa ya ɗauke ɗif kamar an kashe makunni, wuta ce. Nan take, tun yana da zafi, cire fulogi da tsumma a hannunka, mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogi, ka ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara ake nema. In da sanyi akwai, da zafi babu, zare baƙar wayar da ta fito daga koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, zuwa makunni ka sake gwadawa. In har yanzu babu, koyil ne: wayar cikinsa takan rabu in ta yi zafi, ta haɗe in ta huce, shi ya sa yake tashi bayan ka gaji ka zauna. Ba a gyara shi, canzawa ake. Tazarar ƙafafunsa da maganaɗisun filawul, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan murfin igiya, milimita 0.4 ce, sa ɗan kati mai kauri tsakani, bar maganaɗisun ya jawo koyil ɗin, ka ɗaure, ka zare katin.

In wuta ta dawo da ka zare wayar, koyil ba shi da laifi. Ko makunni ne, ko na'urar da ke kashe inji in baƙin mai ya yi ƙasa, wadda wayarta rawaya ce. Wannan na'ura tana shan zagi a fadama, alhali sau da yawa gaskiya take faɗa. Baƙin man injin nan lita 0.6 ne kacal. Ajiye shi a wuri mai daidai, buɗe murfin, man ya kamata ya kawo bakin ramin. In ya ɗan ragu, kuma ka girke inji a gangaren bakin ruwa, da ya yi zafi man ya tsinke ya watsu cikin inji, sai fulot ɗin na'urar ya sauka ya kashe wuta. Cika man, ka daidaita wurin da katako ko bulo. Zare rawayar wayar don gwaji kawai ya halatta. Masu yanke ta gaba ɗaya su ne ake gani da inji a buhu, kwanrod, wato hannun fistin, ya fasa bulok. Shinshina man kuma. In yana warin fetur, ya yi ruwa-ruwa, ya fi yadda ka zuba yawa, allurar fulot tana yoyo kuma ana barin makullin mai a buɗe lokacin ɗauka. Zubar da shi ka sa sabo. Ƙa'idar kamfani awa 20 ga sabon inji, sannan duk awa 100, amma mai ban ruwa kullum cikin ƙurar hunturu da zafin bazara ya canza a awa 50 bai yi asara ba.

Nau'i na uku shi ne inji ya riƙa rasa ƙarfi sannu a hankali, yana ɗan harbi ta kafireto ko salansa, bayan ya mutu kuma igiya ta yi sakwaf a hannu. Wannan tafet ne, wato tazarar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi. Bawul yana ƙara tsawo in ya yi zafi, in tazararsa ta riga ta matse sai ya kasa rufewa, matsi ya gudu. Inji mai shekara biyu da ba a taɓa buɗe murfin tafet ɗinsa ba ya isa a duba. Sai ya huce sarai ake yi, da safe ya fi. Kwance ƙusoshi huɗu na murfin, cire fulogi, ka ja igiya a hankali har ka ga bawul na ɓangaren kafireto ya buɗe ya rufe, sannan ka ci gaba har fistin ya kai ƙololuwa. Tsinken tsintsiya a ramin fulogi zai nuna maka. Na shigar mai, wato na ɓangaren kafireto, milimita 0.15. Na fitar hayaƙi, na ɓangaren salansa, 0.20. Riƙe babban noti da sifana 14, sassauta ƙaramin da 10, daidaita har fila-geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, ya wuce da ɗan ja, ɗaure, ka sake aunawa domin ɗaurewar takan matse shi. Wasu da reza suke yi, kaurinta kusan 0.10 ne, biyu sun ba ka na hayaƙi, amma na shigar mai sai dai kintace. Fila-geji ba wani kuɗi ba ne, saye shi. Kada kuma ka saki tazarar da yawa don gudun matsewa. A jikin kamshaf, sandar da ke ɗaga bawul, akwai wata 'yar dabara da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin jan igiya don ta yi sauƙi; in tazara ta yi yawa ba ta kai wa, igiya ta yi tauri tana fizge hannu. Waɗanda suka mayar da injinsu na gas bayan cire tallafin mai a 2023 su fi yawan duba tafet, gas ya fi gasa bawul.

Leƙa bayan murfin igiya ma. Zanzaro da ɓeraye suna son injin da aka ajiye, gidan laka ko tsummoki tsakanin haƙarƙarin silinda sun isa su hana iskar fanka wucewa.

Shi fulogi, BPR6ES na NGK ko F7TC da ke zuwa da 'yan Sin, tazarar bakinsa 0.7 zuwa 0.8. Fara ɗaura shi da hannu, sabo ka ƙara rabin zagaye da sifana, tsoho kwata ko ƙasa da haka. Waɗanda ka cire kada ka yar, goge su da burushin waya, mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau. Bayan gyara, bar inji ya yi awa ɗaya yana jan ruwa ka duba bakin: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, fari fat har yanzu yunwar mai, baƙi busasshe mai ya yi yawa ko iyakilina ta toshe. Soso ake wankewa da ruwan sabulu, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai a matse sosai. Ta takarda kaɗewa ake, ba a jiƙa ta. Wanda ya cire iyakilina don inji "ya sha iska" a watan Janairu, shi ne zai sa ringin gaske kafin a cire albasa.

In kana so ka rufe bakin maganar ringi, ga gwaji. Ja igiya ka ji nauyinta. Zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin fulogi, mayar da fulogin, ka sake ja. In nauyin ya ƙaru sosai, ringi ya saki. In bai canza ba kuma matsin ba shi da ƙarfi, bawul ne ko gaskit ɗin kai. Duba kuma ɗan tiyon da ya fito daga murfin tafet zuwa iyakilina. Injin da ringinsa ya mutu yana tofa mai ta nan.

Gwamna kuwa a bar shi ƙarshe. In rabin cok yana tsayar da hawa da saukar, ba ruwansa. Tabbatar dai sifirin biyu suna nan ba su miƙe ba. Sai in an riga an taɓa shi: sassauta notin hannunsa, tura hannun har totur ya buɗe gaba ɗaya, juya ɗan ƙarfen da hannun yake ɗaure a kansa iyakarsa ta wannan fuskar, ka ɗaure. Injin nan an yi shi ne don zagaye 3,600 a minti. Ɗaure hannun gwamna da roba don ruwa ya ƙara ƙarfi, kwana kaɗan yake yi.

Wani abu da ke rikita masu lambu: ba duk canjin sauti ne ciwon inji ba. In ruwa yana fitowa guntu-guntu, inji yana sakin murya duk sanda ruwan ya yanke, mesar zuƙa ce ke shan iska a mahaɗa, ko rariyar bakinta ta toshe, ko ruwan rijiya ya yi ƙasa. Waɗannan famfuna iyakar zuƙarsu mita 7 zuwa 8 ce a takarda, a aikace tun kafin nan ƙarfin ya ragu, abin da ake gani ke nan daga Maris zuwa Afrilu. Kada ka gwada inji famfo a bushe, cika shi da ruwa tukuna, in ba haka ba sil, wato zoben da ke hana famfo yoyo, zai ƙone cikin 'yan mintuna. In kuma ka haƙa rami ka saukar da inji don ya kusanci ruwa, kada kowa ya zauna a ramin yana aiki, ko yaro ko babba. Gubar hayaƙin ba ta da wari, tana taruwa a rami, mutum sai ya ji jiri ya kasa hawowa.

Ranar da ka gama ban ruwan bana, rufe makullin mai inji yana aiki har ya mutu da kansa, ka kwance sukurun kofi sauran ya tsiyaye, ka juye na tanki a babur. A zafin ƙasar nan fetur yana fara lalacewa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Canza baƙin mai tun yana da ɗumi, buɗe toshiyar ƙasan famfo ruwan ya fita, ɗiga cokalin mai a ramin fulogi ka ja igiya sau biyu ko uku. Mayar da fulogin, ka sake ja a hankali har ka ji ta yi nauyi, ka bar ta a nan. A wannan wurin bawul biyun a rufe suke, laimar damina ba za ta shiga silinda ba.